Idanu Uku a Jakar Arzika

Ranar da Arzika ya miƙo min jakarsa,
a shagon nan na bayan tashar Argungu
mai rufin da ke yoyo in damina ta kankama,
cewa ya yi: “Nomau, kyamara gangar jiki ce.
Idanun suna ciki, guda uku.
Ka san wanda za ka ɗaura tun kana gida,
kifi ba ya jiran mai kwance-kwance.”

Na farko gajere ne, bakinsa kamar ƙwarya.
Ranar su na kai shi Matan Fada,
ya haɗiye kogi, ya haɗiye gora dubu,
homa na tashi sama kamar garken balbela,
har mai tallan rake can gefe bai tsira ba.
Daɗi ya ɗebe ni, na wuce da shi gidan suna,
na matsa dab da Inna Tumba na danna.
Hancinta ya fito ya kai goran masunci,
kunnuwa sun gudu ƙeya sun ɓuya.
Ta karɓe kuɗinta har da na mota.
Har gobe in ta hango ni sai ta ja mayafi.
Ashe mai faɗin ciki na taro ne da fili,
fuska ɗaya ba abincinsa ba ce.

Na biyu dogo, nauyinsa na taɓarya.
“Wannan na abin da ba ya son a zo kusa ne.”
Da asuba na kwanta a kunyar shinkafa,
sauro na cin rabonsa a wuyana,
ya jawo min zalɓe daga ƙetaren ruwa
har ɗigon da ke lilo a bakinsa.
A filin kokawa ya ba ni jijiyar wuyan gwani
ban shiga da'ira an tattaka ni ba.
Amma yana da sharri.
Ka ja numfashi, duniya ta girgiza.
Rana ta sunkuya, shi ya riga ta makancewa.
Kuma yakan matse nisa,
ya manna kwalekwale da giginyar da ke zango guda,
wanda bai san wurin ba ya rantse maƙwabta ne.

Na ukun kuwa raina shi na yi.
Ɗan mitsitsi, an rubuta hamsin a wuyansa,
ba ya jawowa, ba ya turawa,
abin da idonka ya gani shi zai ba ka.
Shekara biyu yana ƙasan jaka cikin tsohuwar safa.

Bara yana ta rufe idon Arzika.
Ya aiko in zo in ɗauke shi,
jikokinsa na Kamba suna son hoto.
Ɗakin ƙunci, hasken ƙofa ne kaɗai,
shi ma la'asar ta kusa janye shi.
Dogo na so in ja baya, bango ya ce a'a.
Gajere zai kwaso kwalaben magani da buta,
ya mai da tsohon ɗan abu a tsakiyar tabarma.
Na laluba safa.

Ya ji ƙaras ɗin ɗaurawa, ya karkato kunne.
“Wanne ne?”
Na ce ƙaramin.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Shi haske kaɗan ya ishe shi, kamar ni.
Sai dai ba ya zuwa wurin mutum,
kai za ka zo. Matso.”

Na matsa taki ɗaya.
“Ƙara.”
Na ƙara, har ina jin ƙamshin goron bakinsa.
Bango ya narke a bayansa, buta ta ɓace,
saura furfura, da tsagar kumatu,
da fararen idanu biyu
suna duban daidai inda nake.